Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Gorar Da Kake Rainawa Ita Ce Mai Tsare Maka Ciki

Maganarmu ta yau da mai tafiya take, wato duk wanda ke wuni ko kwana nesa da randar gidansa: manomin da ke yin sammako daga Yammedi ko Turawa zuwa gona, da makiyayin da ke kora shanu daga Ruwan Bago ko Zoza zuwa iyakar Kaduna da Katsina, da masuncin da ke wuni a bakin dam, da mafarauci, da ɗan ci-rani mai jaka a baya. Kowanne daga cikinsu yana ɗauke da abin zuba ruwa, kuma kowannensu ya san cewa guzurin ruwan gida ba ya kai shi ƙarshen tafiya. Dole ne a wani wuri ya sunkuya ya ɗiba daga rafi, ko kududdufi, ko rijiyar da ba ta da murfi.

Ƙarar da na kawo gabanka ita ce, yawancinmu muna zaɓen wannan mazubi da ma'aunin da ba shi da alaƙa da lafiya. Muna duba girmansa, da kyansa, da yadda yake riƙe sanyi. Ita kuwa farar gorar roba mai garai-garai, wadda ake shan ruwan kanti a jefar a bola, mun mayar da ita abin raini, har wasu masu waya a hannu sun ɗora mata laifin kawo ciwon daji. Ni kuwa ina tsaye a kan cewa, ga matafiyin da ba shi da itacen tafasa ruwa kuma ba shi da maganin tsarkake shi, wannan gorar da aka raina ta fi jarka, ta fi gyandama, ta fi fulas mai tsada. Ka ba ni aron hankalinka, in kawo maka hujja.

Ruwa A Gabanmu, Cuta A Cikinsa

Ƙasar Karaye da Rogo ba ta cikin wuraren da za a ce Allah bai hore musu ruwa ba. A Ƙaramar Hukumar Karaye madatsar ruwa ta Challawa take, wadda aka kammala a 1992, mai iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Ga kuma madatsar Kusalla, ga koramu da fadamu da ke cika da damina. To amma yawan ruwa daban, tsarkinsa daban. Ruwan da dabbobi ke shiga, yara ke wanka a ciki, kuma ruwan sama ke wanko masa bayan-gidan da aka yi a fili, yana iya ɗaukar ƙwayoyin kwalara, da na zazzaɓin taifot, da na atini, da na wani nau'in ciwon hanta mai kawo shawara. Ko da ka gan shi fari fat, ido ba ya ganin ƙwayar cuta.

Kada ka ɗauka wannan tsoratarwa ce ta masu rubutu. A shekarar 2021 kaɗai, Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa ta ƙidaya sama da mutum dubu 100 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Jihar Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Amai da gudawa mai tsanani na iya ƙarar da ruwan jikin ƙato cikin 'yan sa'o'i. Wanda ta kama a cikin gari yana da damar a garzaya da shi asibiti. Wanda ta kama a ruga ko a bukkar gona, da wuyar hanya irin ta damina, lissafinsa daban ne.

Yadda Rana Ke Wanke Ruwa

A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wanda masana ke kira ultrabayolet. Nau'insa da ake kira UV-A yana isowa ƙasa da yawa, kuma idan ya ratsa ruwa yakan haɗu da iskar oksijin da ke narke a cikinsa, su haifar da wasu sinadarai masu lalata jikin ƙwayoyin cuta. Zafin rana kuma yana ƙara masa ƙarfi. Wani malami a Jami'ar Amurka da ke Beirut, Farfesa Aftim Acra, shi ne ya fara nazarin wannan hanya sosai a farkon shekarun 1980. Daga baya cibiyar binciken ruwa ta Eawag da ke ƙasar Suwizalan ta zurfafa gwaji a shekarun 1990, ta fitar da ƙa'idojin aikin da aka sani da suna SODIS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin hanyoyin tsarkake ruwa a gida. Ƙasashen da ta fi dacewa da su su ne waɗanda ba su wuce digiri 35 arewa ko kudu da tsakiyar duniya ba, mu kuwa muna wajen digiri 12. Rana dai ba mu rasa ta ba.

An kuma gwada ta a tsakanin mutane masu rayuwa irin ta makiyayanmu. A ƙasar Kenya, wajen Masai, an yi nazari a kan yaran da ke shan ruwan da aka shanya a rana, sai annobar kwalara ta ɓarke a yankin. Rahoton da aka buga a 2001 ya nuna cewa a cikin yara 155 'yan ƙasa da shekara shida masu shan ruwan da aka shanya, uku ne kawai suka kamu, alhali a cikin yara 144 da ba a shanya musu ba, ashirin suka kamu. Dubi tazarar da ke tsakani, sannan ka tuna cewa kayan aikin gora ce da rana.

To amma duk wannan aiki ya rataya ne a kan abu guda: sai haske ya shiga. Nan ne zaɓen gora ya zama maganar lafiya.

Mazuban Da Nake Tuhuma

Na farko ita ce jarka, musamman rawayar nan da ake sayo man girki a ciki. Tana da ƙarfi, tana ɗaukar ruwa da yawa, shi ya sa kowa ke son ta a bayan babur da kan amalanke. Sai dai jikinta ba ya barin haske ya wuce, cikinta kuma duhu ne da ɗumi, hannu ba ya shiga balle a wanke ta sosai. Ruwan da ka zuba mata da cuta, da cutarsa za ta ba ka, wani lokaci har da ƙari daga dattin da ya manne a bangonta tun bara.

Na biyu ita ce gorar da aka naɗe da buhu ko tsumma, ana jiƙa shi domin ruwan ya yi sanyi. Dabara ce ta hikima, ba na musun haka, domin ruwan tsumman idan yana bushewa yakan janye zafi. Amma mai ita ya ɗauki gorar da za ta iya tsarkake masa ruwa, ya rufe mata ido da hannunsa. Sanyi daɗin maƙogwaro ne kurum. Bai taɓa kashe ƙwayar kwalara ba. Haka hukuncin gyandama da salka da tulu yake. Kayan gado ne masu daraja wajen sanyaya ruwa, amma ba su da hanyar tsarkake shi.

Na uku shi ne fulas da sauran gorunan ƙarfe masu sheƙi da suka cika kasuwa. Mutum ya kashe kuɗi ya sayo, ya ɗauka tsadarsa lafiya ce. Fulas amintaccen ɗan aike ne: abin da ka ba shi, shi zai kai. In ka zuba masa tafasasshen ruwa, madalla, ya yi aikinsa. In kuwa ka cika shi a kududdufi, to ka sayi kyakkyawan gida ne ka ba cuta haya.

Na huɗu, wanda ya fi duka muni, shi ne robar maganin feshi. Duk wanda ya san gonakin wannan yanki ya san yadda maganin ciyawa da na ƙwari suka yawaita, kuma robobinsu na da kauri da murfi mai kyau, sai su ba mutum sha'awa. A ɗauraye sau biyu da toka ko omo, a cika da ruwa, a rataya wa yaro ya kai wa masu noma. Wannan ganganci ne da rai. Guba na shiga jikin roba, wanki ba ya tabbatar da fitarta, kuma rana ba ta kashe guba. Robar maganin feshi hukuncinta ɗaya ne: a ɗauraye ta a zuba ruwan cikin tankin feshi, a huda ta yadda ba wanda zai sake amfani da ita. Duk uban da ya bar ɗansa ya sha ruwa daga cikinta ya ci amanar da aka ba shi.

Gorar Da Ta Cancanta

Wadda ake nema ita ce farar gora mai garai-garai, irin ta ruwan kanti ko ta lemo marar launi. Juya gindinta ka duba: za ka ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba 1 a ciki, sau da yawa da haruffan PET a ƙasa. Irin wannan robar ce ke barin UV-A ya ratsa. Shuɗi-shuɗin nan mai sauƙi da wasu gorunan ruwa ke da shi ba ya hana aiki, amma kore da ruwan ƙasa da duk wani launi mai duhu suna tare hasken, don haka a bar su.

Girmanta kada ya wuce lita biyu. Dalili kuwa shi ne ƙarfin hasken yana raguwa gwargwadon zurfin ruwan da yake ratsawa, shi ya sa ake son kada kaurin ruwan ya wuce kamar santimita 10 idan an kwantar da gorar. Gora uku 'yan lita ɗaya da rabi sun fi babba guda ɗaya. A ɓare takardar da ke jikinta gaba ɗaya, domin inuwa ce. Murfinta ya kasance mai ɗaurewa ba ya yoyo. Idan ta tsufa, ta yi zane-zane ko ta dusashe kamar idon da ya yi yana, a canza ta, domin kowane zane na rage hasken da ke shiga. Kwalba ta gilashi marar launi ita ma tana aiki, sai dai tana da nauyi kuma tana fashewa, abin da bai dace da mai tafiya ba. Kafin amfani na farko, a wanke gorar da sabulu ciki da waje, kuma a tabbata abin sha ne kawai aka taɓa zubawa a cikinta, ba fetur ko kananzir ko magani ba.

Jita-Jitar Ciwon Daji

Na san abin da za ka ce, domin saƙon ya zagaya wayoyi ta WhatsApp da Facebook ba sau ɗaya ba: wai duk robar da ta sha rana tana zubar da guba mai kawo ciwon daji. Masu yaɗa wannan magana sukan ambaci wani sinadari mai suna dayoksin. Gaskiyar lamari ita ce, dayoksin yana samuwa ne idan aka ƙona abubuwa masu sinadarin kulorin a wuta mai tsananin zafi, robar PET kuwa babu kulorin a cikinta, kuma zafin kwanon rufi bai kusanci na wuta ba. Haka kuma ba a yin ta da sinadarin BPA da ake yawan ambata. Masu bincike a Suwizalan sun auna abin da ke fita daga irin wannan gora zuwa cikin ruwa bayan an shanya ta, suka tarar adadin yana ƙasa ƙwarai da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha.

Saboda haka ka auna da kanka. A hannu ɗaya ga tsoron da awo bai tabbatar ba, a ɗaya hannun ga gudawar da muka san gidajen da ta shiga. Wanda ya tura saƙon nan yana zaune a birni da ledar ruwan sanyi a gefensa. Makiyayin da saƙon ya hana shanya gorarsa, ruwan tafki zai sha ɗanye. Kafin ka danna tura wa wasu, ka tuna da wanda zai biya kuɗin maganarka.

Ruwa Mai Laka Ba Ya Jin Rana

Sharaɗi na gaba shi ne ruwan ya zama mai haske. Ruwan damina ja ne, kuma kowace ƙwayar laka laima ce ga ƙwayar cuta. Gwajin mai sauƙi ne: cika gorar, ka tsayar da ita a kan babban kanun jarida ko wani rubutu mai manyan baƙaƙe, ka leƙa ta baki zuwa gindi. In kana iya karantawa, ruwan ya isa a shanya. In ba ka iyawa, sai ka bar shi ya kwanta a wani mazubi, ko ka sa masa ɗan alam ko garin 'ya'yan zogale, sannan ka tsiyaye na sama ka tace da tsabtataccen ƙyalle.

Kada ka raina tacewa. Dattawanmu sun san kurkunu, wadda ke kwantar da manomi a tsakiyar damina. A ƙidayar ƙarshen shekarun 1980 an samu sama da mutum dubu 650 da ke fama da ita a Najeriya. Babu allurar rigakafinta, babu maganin kashe ta, amma da ƙyallen tace ruwa da gyaran wuraren ɗiba da wayar da kai, tare da ƙoƙarin Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon, aka kore ta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da hakan a 2013. A Bangaladash ma, an nuna cewa tace ruwa da tsohon zanen mata da aka ninka sau huɗu ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi. Tsohuwar atamfa mai tsabta ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Yadda Za Ka Yi

Cika gorar zuwa kashi uku cikin huɗu, rufe, girgiza ta kamar daƙiƙa 20 domin iska ta shiga ruwan, sannan ka ƙarasa cikawa ka ɗaure murfin. Kwantar da ita, kada ka tsayar, a kan kwanon rufi ko fa ko wani wuri da inuwa ba za ta zo ba. Idan rana ta fito sosai, sa'a shida ake bukata. Ka shanya da hantsi ka ɗauke bayan la'asar. Idan gajimare ya rufe fiye da rabin sama, kwana biyu a jere. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri har rana ta zama kamar farin faifai, ka lissafa ta cikin ranakun gajimare. Ranakun marka kuwa, da ruwa ke wuni yana zuba kamar yadda yake yi a watan Agusta, wannan hanya ba ta aiki. Sai a tari ruwan sama a mazubi mai tsabta, ko a tafasa, ko a sa maganin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa umarnin da ke jikinsu.

Ga mai tafiya, ma'anar wannan ita ce ruwan gobe yau ake shirya shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙe goruna kashi biyu: na sha, da na shanya. Rataya gora a jikin jaka kana tafe ba ya wadatarwa, tunda rabin lokaci inuwar jikinka ko ta itatuwa na kanta. A masauki, ko a bakin gona, ko a ruga ake shimfiɗa su. Idan sun gama, ka ajiye su a inuwa su huce, a lokacin ne ma za ka iya naɗa musu jiƙaƙƙen tsumma in kana son sanyi. Ka sha daga gorar kai tsaye ko da kofi mai tsabta, kada ka juye cikin jarka, kuma ka shanye cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin rana ba ta barin wani mai gadi a cikin ruwa bayan ta gama aikinta.

Masu Fitilar Tsarkake Ruwa

Matafiyan Turai da Amurka masu hawan duwatsu suna amfani da wata 'yar na'ura mai kamar alƙalami, irin su SteriPEN, wadda ke fitar da nau'in UV-C mai ƙarfi. Ana tsoma ta cikin ruwa ana juyawa, ta gama da lita ɗaya cikin daƙiƙa 90. In ka samu irinta, ka sani cewa sharuɗɗan gorarta sun sha bamban. Tunda fitilar a ciki take, launin gora ba shi da muhimmanci. Abin da ake bukata shi ne baki mai faɗi da zai bari a tsoma a juya, da girman da bai wuce lita ɗaya ba. Ita ma ba ta aiki a ruwa mai laka, ba ta kai wa ɗigon da ya maƙale a bakin gora da murfi, don haka sai an goge su, kuma ranar da batir ya mutu ta zama sanda. Ga manomin Rogo, guntun gatarinsa ya fi sari ka ba ni.

Iyakar Abin Da Gora Za Ta Iya

Mai adawa zai ce, in hanyar na da kyau haka, me ya sa wani babban gwaji da aka yi a ƙauyukan Bolibiya, wanda aka buga a 2009, bai ga raguwar gudawa sosai ba? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta darasi ce: kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na gidajen suka riƙa yin aikin yadda ya kamata. Gorar da ba a shanya ba, ba ta tsare kowa. Wanda ya sha tsarkakakken ruwa da safe, ya kurɓi na rafi da azahar, ya rushe ginin da ya yi.

Ka kuma sani cewa rana ba ta cire taki ko maganin feshin da ya gangaro daga gona, don haka ka guji ɗiban ruwa a ƙasan gonar da aka yi wa feshi. Wasu ƙwayoyin cuta masu ƙwanso suna da taurin kai a gabanta, shi ya sa jariri da marar lafiya mai rauni tafasasshen ruwa ya fi dacewa da su. Tsargiya kuwa, mai sa fitsarin jini, ta fata take shiga yayin da mutum ya tsunduma cikin ruwan dam ko tafki, gora ba ta da iko a kanta. Idan kuma gudawa ta riga ta kama mutum, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a nufi asibiti mafi kusa ba tare da jiran gari ya waye ba.

A ƙarshe, kada wani mai mulki ya karanta wannan ya ɗauka an sauke masa nauyi. Abin takaici ne a ce ƙauyen da ke hango madatsar Challawa yana neman ruwan sha a kududdufi. Samar da famfo da rijiyoyin burtsatse masu aiki haƙƙi ne a kan gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo, kuma ya kamata a ci gaba da tambayarsu. Amma kafin famfon ya zo, ƙishirwar gobe ba za ta jira ba. Ina kira ga ma'aikatan lafiya na karkara, da dagatai da masu unguwanni, da arɗo-arɗon Fulani, da malaman makaranta, su koya wa jama'a wannan hanya a ranakun kasuwa da ranakun awo da rigakafi.

Kai kuma mai karatu, aikinka na yau kaɗan ne. Nemi farar gora huɗu masu lamba 1 a gindi, ka wanke su, ka ɓare takardunsu. Zagaya gidanka da bukkar gonarka, duk robar maganin feshin da ka gani an mayar da ita ta ruwan sha, ka huda ta da hannunka. Sannan ka nuna wa yaron da ke kai ruwa gona yadda ake kwantar da gora a rana. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.